Shekarar da Aka Dawo Mana da Ɗan Inna

Makon jiya aka rushe ɗakin Inna. Yaran gidanmu na yanzu ne suka ga ya kamata, wai damina biyu ke nan yana yoyo, za su ta da na bulo da kwano a gurbinsa. Ban hana ba. Na dai sa an ajiye mini kujera a gindin darbejiya, na zauna ina kallo ana sauke azara ɗaya bayan ɗaya. Da aka ture bangon gabas sai wani ƙamshi ya taso, na tsohuwar ƙasar da ta sha hayaƙin kara da turaren wuta shekara da shekaru. Ina shaƙarsa na ji gabana ya faɗi, irin faɗuwar da na yi zaton na rabu da ita tun ina budurwa.

Tambuwal ɗin da na tashi a ciki gari ne na sauti. Tun rana ba ta fito ba za ka ji guga yana bugun bakin rijiya, sai lugude ya ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, mata uku a turmi ɗaya, kowace da irin tafinta. Da hantsi masu tallar fura da nono, da rana tsaka kurciya a kan katanga, da la'asar yara suna biya allo a zaure har murya ta dushe. Ranar kasuwa kuwa jakuna ne ke tashinmu, na mutanen Jabo da Sanyinna da suka yi sammako, sai can a jiyo gurnanin motar Kebbe tana hawo tudu tana tari kamar tsoho. Mota ɗaya ce, kowa ya san muryarta. Yau babura sun cinye duk wannan, injin niƙa ya karɓe aikin turmi, in ka kasa kunne ba ka jin komai sai ƙara a kan ƙara. Ina kewar waɗancan sautuka ƙwarai. Amma duk lokacin da na fara kewarsu sai in tuna a gidanmu akwai yaron da ya zauna a tsakiyarsu ba ya jin ko ɗaya.

Ɗan yayata ne, ɗanta na fari. Yayar tawa, wadda muke kira Adda, tana aure a Kebbe, kuma bisa al'adar lokacin, ranar da aka yaye shi aka goyo shi zuwa wurin mahaifiyarmu. A wancan zamani ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. In ya faɗi ya fasa baki tana zaune, sai dai ta kau da kai ta ce, "Wani shi duba yaron can." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Yanzu ina ganin 'yan mata suna rungume da ɗan fari a bakin titi suna kiran sunansa gatsau, har su sumbace shi, ni kuwa in rasa ko faɗa zan yi musu ko murna. Shi dai namu Inna ce ta riƙe shi, har sunan yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa Ɗan Inna yake ce masa.

Yana da shekara shida ko bakwai sanƙarau ya shigo gari da bazara, ya kwashe yara da yawa a unguwarmu. Shi ya tashi, amma kunnuwansa ba su tashi tare da shi ba. 'Yan kalmomin da ya riga ya iya suka zauna a bakinsa suna fita a karkace. Malamin allo ya ce ba ya iya biya wa wanda ba ya ji, makarantar boko kuwa ba a ma kai maganar ba. Inna ce ta zame masa makaranta. Takan durƙusa ta kama haɓarsa ta juyo da fuskarsa, ta yi magana a hankali yana kallon leɓenta, abin da leɓe ya kasa ta cika da hannu. Suna da alamar ruwa, da ta tuwo, da ta salla. Alamar Baba shafa gemu ce, tawa kuwa yatsa yana rubutu a tafin hannu, don kullum ina riƙe da littafi. Inna takan ce mana, "Yaron ga da ido shika ji. Wanda duk bai ba shi fuska ba, bai yi mai magana ba."

Ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai mata labarin ya same ni cikin wasiƙa. Yaran gari suna da wata mugunta da suke yi wa kurame: su sa ganye a baki su tsaya a gabansu suna taunawa, wato kai akuya ne, ba mutum ba. Ya daɗe yana haɗiye wannan. Ran nan yana dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa suka tare shi, ya sauke ƙotar a kan ɗaya daga cikinsu. Yaron bai mutu ba, amma an ɗinke masa kai, kuma ya yi wata biyu a kwance. A gaban alƙali aka yi ta yi wa Ɗan Inna tambaya yana kallon bakin da gemu ya rufe, bai amsa ba, aka ce taurin kai ne. Aka yanke masa shekara biyu a gidan horon yara can birni, yana ɗan shekara sha uku. Inna ta bi motar da ƙafa har bakin gari, ta dawo ta shiga ɗaki, daga ranar ba ta ƙara cin abinci da daɗi ba. Kafin ya cika wa'adinsa ta rasu. Babu wanda ya san yadda za a aika masa, saboda haka ba a aika ba.

Ni a lokacin na dawo gida da takardar malanta, ina koyar da aji ɗaya na 'yan mata. Zamanin da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu ne. Kowace safiya muna jera yara suna rera sabuwar waƙa, a ƙofar hakimi akwai rediyo da maza ke kewayewa suna jin yadda ƙasa za ta gyaru. Ni ma haka nake ji a jikina. Ina rubuta 'yan baitoci a bayan littafin darasi, a kan farin wata da tsuntsayen fadama da inuwar gawo, kuma na yi imani babu abin da alli da allo ba za su gyara ba. Shekarata ashirin, ban taɓa riƙon ko ɗan akuya ba.

Baba ya kira ni zaure bayan la'asar, yana zaune kan buzu.

"Auta, takarda taz zo. Jibi za a maido yaron."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Kebbe za a kai shi?"

"Kebbe wurin wa? Uwatai ba ta iya kallon shi, dangin ubanai sun ce ba su son abin da za shi jawo musu magana. Ni kau ga ni, ido ya tafi, ƙafa ta tafi." Ya ja tasbaha. "Ke anka kai boko. Ke za ki riƙe shi."

"Baba, ni ban iya ba."

"Innarku ma ba wanda yak koya mata."

Ɗan doka ne ya kawo shi, da takarda a ninke cikin aljihu. Da yake ni ce mai karatun boko a gidan, ni aka miƙa wa. Na karanta sau biyu, na biyun a zuciyata. An sake shi ne a hannun mai riƙo, kuma in aka sake kawo ƙararsa kafin shekara ta zagayo, ba gidan yara za a mai da shi ba, gidan yari na manya za a kai shi, tunda ya tasa. Baba ya dangwala yatsa, ni na sa hannu. Ɗan dokan ya ce, "Malama, ki sa ido. Ko faɗan yara anka yi shina ciki, shi za a kama."

Shi kuwa yana tsaye jikin bango, hannuwa a baya. Ya yi tsawo har ya wuce ni, an aske masa kai ƙwal, gajeren wandon kakin da ke jikinsa ya yi masa kaɗan. Idonsa yana ƙasa. Goggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, wadda ke yi masa wasan jika tun yana rarrafe, ta fito da guɗa.

"Angona! Shekara biyu ka bar ni ba gishiri ba daddawa. Ina tsarabar birni? Dubi kai kamar ƙwarya, wa za ta so ka in ba ni ba?"

Ta kai hannu za ta dungure masa kai kamar yadda ta saba. Kafin hannun ya isa ya durƙushe ya rufe kansa da damatsa biyu. Dariyar Goggo ta yanke. Muka tsaya muna kallonsa a ƙasa, babu wanda ya san ta inda zai taɓa shi.

Da ya tashi ɗakin Inna ya nufa. Ya ɗaga asabari, ya ga gado babu shimfiɗa, tukwanen jere a kife. Baba ya lallaɓa da sandarsa ya tsaya a gabansa, ya kwantar da kunci a tafin hannu, sannan ya yi alamar tura ƙasa da hannu biyu, ya nuna sama. Ban san ko ya gani ba, don bai ɗaga kai ba. Bai yi kuka ba. Ya koma bakin ƙofar ya tsaya, hannuwa a baya, har rana ta kauce daga tsakar gida.

Haka muka fara zama. In an ajiye masa tuwo ba ya taɓawa sai an nuna kwanon da yatsa, in an nuna ya cinye a tsaye cikin gaggawa, ya ɓoye loma ɗaya a aljihu. Ba ya zama sai an nuna tabarma. Ba ya shiga bayan gida sai ya zo ya tsaya kusa da ni na gane na nuna masa hanya. Yana share tsakar gida sau uku a yini, yana cika randuna ba a sa shi ba. Mata maƙwabta da suka shigo barka suka yi ta yabo, wai lallai an gyara shi, horon birni ya yi rana. Ni ma da farko na ji daɗin wannan magana, Allah ya yafe mini. Abin da ya fi damuna shi ne idon nan da ba ya barin ƙasa. Ƙafafun mutane yake kallo. Sai bayan shekaru ya ba ni labari da hannu: a can da ƙararrawa ake komai, tashi da ci da kwanciya, shi kuwa ba ya jin ta, kullum shi ne na ƙarshe, kullum shi ake duka. Sai ya koyi kallon ƙafafun yara, in sun motsa ya motsa. In takalmi ya nufo shi kuwa, ya san abin da ke tafe.

Ni ina sa takalmi mai maɗauri, irin na malamai. A lokacin ban haɗa wannan da komai ba. Na dai ɗauko allon makaranta da alli, kowace la'asar in zaunar da shi in rubuta baƙaƙe. Yana kwaikwaya tsaf, hannunsa ya fi na 'yan ajina kyau, amma zane kawai yake yi, don ba ya kallon bakina balle ya san wane sauti ne wannan. Na gwada kama haɓarsa irin ta Inna, ya sandare kamar itace, na ji jijiyar wuyansa tana bugawa a yatsana, na saki. Na je wurin hedimasta na roƙa a bar shi ya zauna a bayan aji ko da kallo ne. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malama, aji na masu kunne na. Kuma in yara sunka tsokane shi nan, ni da ke za a tambaya." Yau ina jin akwai makarantun kurame a birane, da malaman da suka karanci maganar hannu, har da 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne. A lokacin ni kaɗai ce, da alli rabin yatsa.

Tsoro ya zame mini abokin tafiya. Ina tsaye gaban aji ina koyar da lissafi, kunnena yana waje. In na ji ihun yara daga nesa sai alli ya karye a hannuna. In aka yi sallama a zaure da muryar da ban sani ba, sai in ce shi ke nan, sun zo. Na hana shi zuwa gona, na hana shi zuwa rijiyar unguwa, masallaci ma sai Baba yana riƙe da hannunsa. Da safe in zan fita in ja ƙyauren zaure in ce wa Goggo ta sa ido. Goggo ta ce mini wata rana, "Auta, can an kulle shi da ƙarfe, ke kin kulle shi da kara. Mi ab bambanci?" Na ce bambancin shi ne nan yana gida. Ta taɓe baki ta ci gaba da kaɗin audugarta. Baitocin da nake rubutawa suka ƙafe. Ina ƙirga watanni kamar mai ciki, an ci uku, saura tara.

A wata na huɗu Adda ta zo. Ranar kasuwa ce, ita ce ranar da mota ke zuwa daga Kebbe, kuma makaranta tana hutu. Mijinta ya rako ta ƙofar gida ya wuce kasuwa da buhun geronsa, bai shigo ba. Ta shigo lulluɓe, da ƙwarya a kai, ta tuɓe takalmi a bakin ɗakin Inna ta zauna a dandamali. Ɗan Inna yana bayan rumbu yana tufka igiya. Da ya hango ta sai na ga ya ajiye, ya je randa ya wanke fuska da hannu, ya karkaɗe riga. Babu wanda ya nuna masa. Ya zo ya durƙusa nesa kaɗan da ita, kuma a karo na farko tun dawowarsa, ya ɗaga kai. Ya kalli fuskarta kai tsaye, bakinsa a ɗan buɗe, yana jira.

Adda ta yi abin da kowace 'yar mutunci za ta yi a wancan zamani. Ta juya fuska wajen bango, ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta ce wa Goggo, "Goggo, mutanen birni sun dawo lafiya?"

Da can wannan ba komai ba ne a wurinsa. Haka ya saba ganinta, kuma akwai Inna da za ta jawo shi jikinta ta nuna masa da hannu cewa kunya ce, uwarka tana son ka. Yanzu babu Inna, kuma ya fito daga wurin da in an juya maka baya an gama da kai. Ya daɗe a durƙushe. Na ga kan yana sauka a hankali har ya koma inda yake. Ya tashi ya koma bayan rumbu.

Adda ta fara fid da tsaraba. Zuma a ɗan tulu, ƙuli-ƙuli, da riga ta saƙi wadda ita ta kaɗa zarenta da hannunta damina guda. Ta tura gabana ta ce, "A ba yaran gida." Yaro ɗaya ne a gidan, kowa ya sani.

Na matsa kusa da ita na rage murya. "Adda, ko kallo ɗaya? Wata huɗu bai ɗaga kai ya dubi kowa ba sai ke."

"Auta, boko ya cire miki kunya? So kika a ce ɗiyar Inna ta zauna tana kallon ɗan fari kamar wadda ba ta da mafaɗi?"

"Ba shi ji, Adda. In kin rufe baki, kin rufe mai komi."

"Shi ya sani. Ya san ni."

"Da ya sani. Yanzu ban san abin da ya sani ba."

Hannunta yana kan rigar yana shafa ta. Muna cikin haka Goggo ta dawo daga madafa ta ce, "Wai ina angona? Wa yab buɗe zaure?"

Ban san lokacin da na fita ba. Na bi lungu ina gudu, abin da malama ba ta yi, gyale yana zamewa. Ba na iya kiransa, wannan ne abin da ya fi ci mini rai, duk faɗin garin nan ba ni da muryar da za ta kai gare shi. Ina tambayar duk wanda na gamu da shi, wata mai tallar gyaɗa ta nuna mini hanyar kasuwa. Wataƙila motar Kebbe ya nufa, wataƙila ubansa yake nema, har yau ban sani ba. Tun kafin in isa na jiyo abin da na yi wata huɗu ina jin tsoro: yara suna kukan akuya suna dariya.

A gindin kukar da ake ɗaure jakuna na same shi. Yara sun fi goma sun yi masa zobe, kowane da ganye a baki. Manya suna tsaye a rumfunansu, wasu na dariya, wani na cewa "ku bari mana" ba tare da ya motsa ba. Ɗan Inna yana tsakiya, kansa a ƙasa, kuma a hannunsa na dama akwai turken jaki da ya tumɓuke, itace mai kauri kamar damtse. Can bayan rumfar mahauta na hango jar hular ɗan doka, bai riga ya juyo ba.

Na san in na taɓa shi ta baya zai juyo da turken kafin ya san ko wace ce. Na zagaya ta gabansa na ratsa yaran ina ɗaga hannu, ina yin alamar gida, alamar tuwo, duk alamar da na tuna. Bai ga ko ɗaya ba. Takalmina ya gani, ya ƙara sunkuyawa, yatsunsa suka ƙara damƙe itacen. Wani yaro mai ƙiriniya ya fara matsowa ta gefena yana rawa, taku ɗaya, taku biyu. Na ga idon Ɗan Inna ya bar takalmina ya koma kan ƙafafun yaron, yana auna su. Kafaɗarsa ta fara ɗagawa. Na buɗe baki in yi ihu, na tuna ihu ba shi da amfani.

Sai kasuwar ta yi tsit ta gefe ɗaya. Adda ce. Matar aure, da rana tsaka, a cikin kasuwar maza, ba takalmi, don a bakin ɗakin Inna ta baro su. Ba ta gudu, ba ta kallon kowa. Ta sa hannu ta kau da yaron mai rawa kamar ana kau da kaza daga shanya, ta shige gabana, ta tsaya dab da ɗanta har yatsun ƙafarta suka kusa taɓa nasa. Ƙafar Adda irin ta Inna ce sak, babban yatsa a ɗan karkace, ga faso a dunduniya, ga tsohon lalle. Na ga ya zuba wa ƙafar ido. Kafaɗar ta tsaya. A hankali kansa ya fara tashi, ya bi zane, ya bi mayafi, ya kai fuska.

Adda ta saki gefen mayafin da ke bakinta. Leɓenta ya motsa. Babu sautin da ya fita, ko kaɗan, ni da nake kusa da ita ban ji ko numfashi ba. Amma ina daga gefe, na ga abin da leɓen ya yi. Sunansa ne, na yanka, wanda aka raɗa masa ranar suna kuma ba ta taɓa furtawa ba shekara sha biyar. Ta yi shi a hankali, sau biyu, yadda Inna ke yi.

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda ban taɓa ji ba. Hannunsa ya saki, na cafe turken kafin ya kai ƙasa. Adda ta mai da mayafi ta rufe baki, ta juya ta kama hanyar gida, shi kuma ya bi bayanta kamar ɗan rago. Ɗan dokan ya iso yana tambaya, "Mi yaf faru nan?" Wani mahauci ya ce, "Ba komi, yara na da wasa." Ni ma na bi su, sai da na kusa fita kasuwa na ji ana kira a bayana, "Malama! Malama, turkena! Jakin ga za shi bi ki gida!"

Ba zan ce daga ranar tsoro ya bar ni ba. Saura wata takwas a lokacin, kuma kowane ɗaya na ji shi a ƙashina. Amma washegari da na zo da allo na tuɓe takalmi a bakin tabarma, ya dubi ƙafata, ya dubi bakina. Na fara barinsa zuwa gona tare da Baba yana ja masa sanda, ina tsaye a zaure har su ɓace, ina tsaye har su dawo. Shekara ta zagayo ba a kawo ƙara ba. Ya koyi karatu daidai gwargwado, ya zama masassaƙi, turame da kujerun mata da ya sassaƙa har yanzu akwai su a gidajen Tambuwal. Shi da Adda duka sun riga ni tafiya, kuma ban ƙara ganin ta dube shi a gaban mutane ba har ta koma ga Allah.

A ranar dai, kafin mu isa gida labari ya riga mu. Baba yana zaure, ya matsar da ƙafarsa muka wuce. Adda ta zauna a dandamali tana wanke ƙurar ƙafa da buta, Ɗan Inna yana zaune a tabarma, babu wanda ya nuna masa, da sabuwar rigar a cinya. Goggo ta tsaya a kan Adda ta riƙe ƙugu.

"Ke 'yar nan, mi nika ji? An ce kin shiga kasuwa ba takalmi, kin tsaya gaban ɗan fari kin kira sunanai, duniya na kallo?"

Adda ba ta ɗaga kai ba. Ta ƙarasa wanke ƙafa ɗaya, ta koma ɗayar, ta ce, "Ni, Goggo? A kawo mutum guda da yaj ji."